Sa Hannun Wittmann ko Littafin Albashin Kurtu?

Wani talla na ci karo da shi a shafin gwanjo na intanet, ya hana ni sakat. Albam ne na wani sojan tankar yaƙi na Jamus daga zamanin yaƙin Hitila, dillali ya ɓamɓare hotunan ɗaya bayan ɗaya, kowanne da kuɗinsa. A bayan wasu har ana ganin ɓarɓashin baƙar takardar da aka ɗaye su daga jikinta. Rubutun da mai albam ɗin ya yi da farar tawada a ƙarƙashin kowane hoto, sunan gari da kwanan wata, ya tafi tare da shafin da aka yar. A gefe guda kuma ga hoton Michael Wittmann, shahararren kwamandan tankar Jamus, da sa hannu a jiki, an sa shi a firam, masu tayi sai rububinsa suke yi.

Ra'ayina a fili yake. Ban ga laifi ba don mutum ya tara takardun sojojin tankar Jamus na Yaƙin Duniya na Biyu. Amma kasuwar ta kifar da abin. Hoton jarumi mai sa hannu, wanda ya fi komai tsada, shi ne ya fi ƙarancin amfani, shi ne kuma jabu ya fi cika. Albam da wasiƙu da littafin albashin kurtu, waɗanda ake yayyagawa don riba, su ne shaidar da tarihi yake bukata. Duk wanda ya raba su ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Daga ina hotunan nan suka fito?

Yawancinsu katuna ne da kamfanin Heinrich Hoffmann, mai ɗaukar hoton Hitila, ya riƙa bugawa na sojojin da suka sami lambar yabo ta Ritterkreuz. Wajen mutum 7,300 aka ba wannan lamba a tsawon yaƙin. Yaran makaranta da 'yan ƙungiyar matasan Hitila su sayi kati, su aika wa mai hoton ta gidan waya, su roƙe shi ya sa hannu ya mayar. An yi katin ne domin yaro ɗan shekara 14 ya kalla ya ji shi ma tanka yake so ya shiga.

To ka ga ke nan katin ba ya gaya maka komai game da yaƙin. Ba ya faɗin inda mutumin ya tsaya, ko umarnin da aka ba shi, ko abin da ya aikata. Fuska ce da lambar yabo da haske mai kyau. Hatta alƙaluman da ake maƙala wa hotunan, wai wane ya fasa tanka 138, wane ya haura 150, iƙirari ne na fagen fama da 'yan farfaganda suka ɗauka suka yayata. Su kansu hafsoshin leƙen asirin sojan Jamus sai sun zaftare kaso mai tsoka daga irin wannan iƙirari kafin su yi lissafi da shi.

Lissafin da ke tona asirin jabu

A ɗauki Wittmann ɗin. Sunansa bai fito ba sai watan Janairun 1944 da aka ba shi Ritterkreuz. Ya ƙara shahara bayan faɗan Villers-Bocage, a Normandi ta Faransa, na ran 13 ga Yuni. An ƙara masa darajar takubba a kan lambar ran 22 ga Yuni, aka kashe shi a cikin tankarsa a Normandi ran 8 ga Agusta. Saboda haka duk hoton da ya nuna shi da takubban a wuya, in dai sa hannun na gaske ne, a cikin kwana 47 aka yi shi, kwanakin da ake tafka ƙazamin faɗa a Normandi. Sai mutum ya dubi yawan irin hotunan da ke yawo a kasuwa ya yi wa kansa hisabi.

Otto Carius kuwa, wani shahararren kwamandan tankar, akasin haka ne. Ya tsira daga yaƙin, ya buɗe kantin magani ya sa masa sunan tankar Tiger, ya rayu har Janairun 2015 yana da shekara 92, yana sa wa masu rubuto masa hannu. Nasa sa hannun na bayan yaƙi galibi na gaske ne, amma yawa ya sa ba shi da wata daraja. Da maka ake yin sa a kan hoton da aka sake wankewa jiya-jiya. Abin da kawai yake tabbatarwa shi ne wani tsoho ya riƙe alƙalami.

Mai son ya gwada hoto, ga abin da zai duba. Na farko, irin fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita. Daga wajejen 1950 masana'antu suka fara zuba wa takarda sinadarin ƙara fari, wanda ke walƙiya fau a ƙarƙashin wannan fitila. Takardar zamanin yaƙi ba ta yin haka, dishi-dishi take zama. Sai dai a kula, rashin walƙiya ba ya wanke takarda, domin masu jabu suna sayen tsofaffin katuna na gaske marasa sa hannu su rubuta a kai. A nan gizo ke saƙar.

Na biyu, abin rubutun. Biro bai bazu a kasuwa ba sai ƙarshen 1945, maka mai bakin auduga kuma sai shekarun 1960. Sojan Jamus da alƙalami mai shan tawada yake rubutu, ko fensir, ko wani fensir da ke komawa launin shunayya in ya ji ruwa. Mutumin da ya mutu a 1944 ba zai sa hannu da biro ba, amma ana sayar da irinsu, ana kuma saye.

Na uku, gilashin ƙara girma mai ninki 10. Tawadar gaske tana zaune a saman fuskar hoton, tana kauri inda layi ya hau kan layi, tana sirancewa inda hannu ya yi sauri. In sa hannun bugawa aka yi tare da hoton, ko tambari aka danna, kaurinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Mai kwaikwayo kuma hannunsa yana rawa, yana tsayawa a tsakiyar harafi ya ɗiga tawada. In ka ga sa hannu biyu sun yi daidai tamkar an ɗora ɗaya kan ɗaya, to aƙalla ɗaya kwafi ne, don ba wanda ke maimaita sa hannunsa haka.

Takardar shaidar inganci da dillali ke haɗawa da kaya, ita ma takarda ce kawai. Konrad Kujau, wanda ya ƙirƙiri littattafan sirrin Hitila wajen 60, dillalin kayan soja ne a Stuttgart, ya kuma daɗe yana haɗa wa kayansa takardun shaida na ƙarya. Mujallar Stern ta biya mak miliyan 9.3, kuɗin Jamus na lokacin. Masana rubutun hannu sun ruɗu, saboda wasu samfuran da aka ba su su gwada da su shi Kujau ɗin ne ya rubuta. Gwajin takarda da tawada da zaren ɗinki ne ya fasa ƙwai a 1983.

"Ai sojojin tanka ba 'yan SS ba ne"

Wannan ita ce hujjar da aka fi ji. Wai su ma'aikata ne kawai, masu sarrafa inji, laifin yana kan 'yan SS, wato dakarun jam'iyyar Nazi ta Hitila.

Da farko dai sunayen da kasuwar ta fi so, da yawansu 'yan SS ne. Wittmann ɗan SS ne. Joachim Peiper, wanda mutanensa suka kashe fursunonin yaƙi Amurkawa 84 kusa da Malmedy ran 17 ga Disamban 1944, kwamandan tankokin SS ne. Rundunar tankar SS ta Das Reich ce ta hallaka sama da mutum 640 a ƙauyen Oradour-sur-Glane ran 10 ga Yunin 1944, mata da yara aka kulle a coci aka cinna wuta. Kurt Meyer, shi ma kwamandan SS, an yanke masa hukuncin kisa a 1945 kan kashe fursunoni 'yan Kanada, aka sassauta, ya fito a 1954 ya zama kakakin ƙungiyar tsofaffin 'yan SS.

Sojan gwamnati na ainihi ma hannunsa ba fari ba ne. Janar Hermann Hoth, wanda ya jagoranci rukunin tankoki na 3 a mamayar Tarayyar Sobiyet a 1941, kotun Nuremberg ta ɗaure shi shekara 15 a 1948, cikin laifuffukansa har da aiwatar da umarnin harbe jami'an siyasa na sojan Sobiyet da aka kama. Ba banza ba ma'aikatar tsaron Jamus ta hana sojojinta hulɗa da ƙungiyar masu Ritterkreuz a 1999.

Akwai kuma labarin da ya taɓa mu kai tsaye.

Hotuna takwas daga Chasselay

A watan Yunin 1940, sojojin Afirka ta Yamma da Faransa ta kwaso suna tsare hanyar shiga Liyon ta arewa. Ana kiransu 'yan Sanagal, amma daga duk ƙasashen da Faransa ke mulka a yankin aka ɗebo su, har da Nijar. Sun yi faɗa ran 19 da 20 ga wata har harsashi ya ƙare, suka miƙa wuya. Jamusawa suka ware Turawa gefe guda, baƙaƙe gefe guda. Aka kora baƙaƙen cikin wani fili kusa da ƙauyen Chasselay, tankoki suka buɗe musu wuta da bindigogi masu sarrafa kansu, suka bi ta kan waɗanda suka faɗi. Mutum wajen 50 a wuri guda. Maƙabartar da aka gina musu da jan bango irin ginin Sudan ta Faransa (Mali ta yau), wadda aka buɗe a Nuwamban 1942, tana nan har yau da kaburburan sojojin Afirka 188. Masanin tarihi Raffael Scheck ya ƙiyasta cewa tsakanin baƙaƙen sojoji 1,500 zuwa 3,000 aka yi wa irin wannan kisa a Faransa a 1940.

Shekara da shekaru ana ɗora kisan Chasselay a kan rundunar SS ta Totenkopf. Sai a 2019 wani matashi Bafaranshe mai tara tsofaffin hotuna ya samu hotuna takwas daga albam ɗin wani sojan Jamus. Sun nuna abin daki-daki: fursunoni hannuwa a sama, tankoki a tsaye, sannan gawarwaki a cikin ciyawa. Ya kai wa masanin tarihi Julien Fargettas. Daga alamomin da ke jikin tankokin aka gane ashe runduna ta 10 ta tankokin sojan gwamnati ce.

Wannan shi ne dalilin da ya sa ba na goyon bayan masu cewa a ƙone komai. Mai tara hotuna ne ya ceto wannan shaida, kuma abin da ya sa ta yi amfani shi ne hotunan suna tare, ɗaya yana fassara ɗaya. Da dillali ya raba su takwas, da mai son tanka ya sayi na tanka, wani ya sayi na fursunoni, na gawarwakin ya faɗa hannun masu son kallon ƙazanta. Ba wanda zai ƙara haɗa su, kuma da har yau ana zargin wata runduna daban.

Hoto da ya rabu da bayaninsa yana iya yin ƙarya. Baje kolin laifuffukan sojan Jamus da aka fara a Hambug a 1995 sai da aka dakatar da shi a 1999, saboda an gano wasu 'yan hotuna an yi musu bayanin da ba nasu ba. Hotuna kaɗan ne cikin sama da dubu, amma masu musun laifin suka samu abin riƙewa.

Abin da ke cikin littafin kurtu

Takardu biyu ne ginshiƙi. Soldbuch shi ne littafin albashi kuma katin shaida, yana aljihun soja kullum. Wehrpass kuma ofishin runduna ke riƙe da shi, a ciki ake jera faɗace-faɗacen da ya halarta, in ya mutu akan aika wa iyalinsa.

Soldbuch ɗan ƙarami ne, amma wanda ya iya karanta shi zai fitar da rayuwar mutum. Shafin farko yana da muƙami da ƙarin girma da lambar ƙarfen da yake ratayawa a wuya. Shafi na 4 yana jera rundunonin da ya zauna, in an sauya masa wuri a ja layi kan tsohon a rubuta sabo. Shafi na 12 da 13 na asibiti ne, da lambobi a maimakon sunan ciwo: 31a harbin bindiga, 31b ɓaraguzan bam ko gurneti, 33 cizon sanyi. Can wajen ƙarshe akwai lambobin yabo da ranakun hutu. Hoto kuwa ba a fara liƙa shi a cikin bango ba sai wajen ƙarshen 1943, don haka littafin wanda ya mutu a 1941 da hoto a ciki abin tambaya ne.

Ha'incin da aka fi yi a nan shi ne ƙarin gishiri. A samu littafi na gaske na wani direban babbar mota, a ƙara layi ɗaya a shafi na 4 a ce ya zauna a bataliyar Tiger, kuɗin ya ninka. Maganinsa kwanan wata. Bataliyoyin Tiger na sojan gwamnati galibi lambarsu 501 zuwa 510. Tankar ba ta shiga faɗa ba sai ƙarshen Agustan 1942 kusa da Leningrad, tankar Panther kuma sai Yulin 1943 a Kursk. Lambar yabo ta faɗan tanka an ƙirƙiro ta a Disamban 1939, amma masu lamba 25 da 50 da 75 da 100 a jiki sai Yunin 1943. Duk rubutun da ya riga ranarsa, ƙari ne.

Sannan a dubi hatimi. Kowace runduna tana da lambar wasiƙa mai alƙaluma biyar, tana fitowa a cikin hatimin, kuma akwai jerin da Norbert Kannapin ya tattara wanda ke nuna lamba kaza ta runduna kaza ce a lokaci kaza. In hatimi ya ce wani abu, rubutun hannu ya ce wani, an taɓa littafin. Hatimin da ke kan hoto dole rabinsa ya hau hoton rabinsa ya sauka kan bango, da'irar ta haɗu. Ƙarfen da ya riƙe hoton in ya yi tsatsa, tsatsar za ta bar tabo a shafin da ke fuskantarsa. In ga tabo a wuri ɗaya ga ƙarfe a wani wuri, an sauya hoto.

Wani rikicin kuma baƙar riga ce. Sojan tanka na gwamnati yana sa baƙar riga da ƙoƙon kai a kwala biyu, da zare ruwan hoda a gefe, sai dillalai su rubuta SS don kuɗi ya hau. A dubi mikiya. In tana ƙirji ta dama, sojan gwamnati ne. In tana hannun riga na hagu, SS ne.

Wanda ya so ya tabbatar, ofishin da ke riƙe da bayanan sojojin Jamus a Balin ya koma ƙarƙashin ma'adanar tarihi ta tarayya tun farkon 2019, yana kuma karɓar tambaya. Takardun rundunoni suna reshen Freiburg. Ƙungiyar Volksbund mai kula da kaburburan yaƙi tana da rumbun sunaye a intanet kyauta.

"To me zai hana a haramta cinikin gaba ɗaya?"

Masu wannan magana ba na raina su. Wanda aka kashe kakansa yana da haƙƙin jin zafi in ya ga ana tayin hoton makashin. A Nuwamban 2019 Abdallah Chatila, ɗan kasuwa ɗan asalin Labanan mazaunin Siwizalan, ya kashe wajen yuro 600,000 a wani gwanjo a Munik ya saye hular Hitila da wasu kaya, don kawai kada su shiga hannun masu ɗaukaka shi, ya bayar aka kai Yad Vashem, gidan tarihin kisan kiyashin Yahudawa da ke Isra'ila.

Dokoki ma suna nan. A Jamus sashe na 86a na dokar laifuffuka ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 3 ga mai baje alamomin Nazi, amma ya keɓe koyarwa da bincike, shi ya sa dillalan can ke rufe alamar a hoton talla. Faransa ta hana baje su, har kotu ta hukunta kamfanin intanet na Yahoo a 2000. Kamfanin eBay ya hana sayar da yawancinsu tun 2001. Ostireliya ta hana cinikin kayan da ke ɗauke da alamomin daga farkon 2024. Mai saye daga wata ƙasa ya fara sanin dokar ƙasar da kayan za su fito da wadda za su bi.

Amma hula daban, takarda daban. Hula ba ta ba da shaida. Haramci na bai ɗaya ba zai sa albam ɗin da jika ya tsinta a akwatin kakansa ya tafi ma'adana ba. Bola zai tafi, ko kasuwar ɓoye inda ba mai bincike da zai gan shi. Miliyoyin Jamusawa ne suka yi soja, da yawansu da kyamara a jaka, ba gidan tarihin da ke da kuɗi ko wurin da zai kwashe wannan duka. Abin da nake so a matsa a kai shi ne gidajen gwanjo su daina karɓar albam da aka ɓamɓare, su kuma tilasta a ɗauki hoton kowane shafi kafin a sayar.

In takardun sun shigo hannunka

Kada ka raba. Littafi da takardar lambar yabo da wasiƙu da hotunan mutum ɗaya su zauna tare, da rasit da sunan gidan da ka saya da ranar saye. Kada ka cire hoto daga shafinsa ko da shafin ya yage.

Ka ɗauki kowane shafi da na'urar sikana, aƙalla ɗigo 600 a inci, gaba da baya, domin tambarin mai wankin hoto da rubutun fensir suna baya. Ka ba ma'adana ko masanin da ke aiki kan wannan runduna kwafi.

Kada ka yi laminatin, zafi da gam suna kashe takarda kuma ba a warwarewa. Kada ka sa salatif, yana rawaya ya ci rubutu. Ledar PVC mai laushi da wari tana fitar da mai ta manne da fuskar hoto, ta foliyesta ko folifurofilin ake nema. A ajiye a kwali marar asid, cikin duhu, zafi kusan digiri 18 zuwa 20, danshi tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin 100. In danshi ya haura kashi 65 fumfuna za ta kama. Rana kuwa cikin 'yan shekaru take kashe tawada, musamman shunayyar fensir ɗin nan, don haka firam a bangon falo shi ne mafi munin wurin ajiya.

Sannan ka bi sawun rundunar. In littafin ya ce runduna ta 10 ta tankoki, Yunin 1940, ka rubuta Chasselay a katin bayanin da ke tare da shi, da ranar, da adadin waɗanda aka binne a can.